Yadda ake shirya yaro zuwa sansanin ikilisiya na kwana a babban hutu

A arewacin Kamaru babban hutun 'yan makaranta da damina tare suke sauka. Ana rufe makarantu a watan Yuni, ba a komawa sai farkon Satumba, kuma a wannan tsakanin ne, galibi Yuli da Agusta, ikilisiyoyi ke tara yara a sansani na kwana uku, biyar ko mako guda. Ko ku 'yan ikilisiyar Lutheran ta EFLC ne mai hedikwata a Garwa, ko ta EELC ta Ngaundare, ko tarayyar ikilisiyoyin bishara ta UEEC ta wajen Marwa, ko Katolika masu ƙungiyar yara ta Cop'Monde, ko kuwa sansanin ƙungiyar karatun Littafi Mai Tsarki, wato Ligue pour la Lecture de la Bible, za a je, wurin kwanan kusan iri ɗaya ne: ajin makaranta da aka tura bencina gefe aka shimfiɗa tabarmi, ruwa na dukan kwano, sauro na jiran magariba. 'Yan'uwanmu na Cadi da ke tura yara wurin ƙungiyoyin yaran ikilisiya na Flambeaux da Lumières su ma da wannan daminar suke fama.

Na daɗe ina koyar da makarantar Lahadi. Na tura nawa 'ya'yan, na kuma kwana da 'ya'yan mutane a irin waɗannan azuzuwa. Da ke nake magana, 'yar'uwa, wadda bana ne karon farko da ɗanki ko 'yarki za ta kwana nesa da ke, amma a karanta wa maigida shi ma, don akwai wuraren da sai da sa hannunsa. Yawancin iyaye a kan jaka suke ƙarar da ƙarfinsu. Da ita za mu fara don a san abin da za a tanada, sai dai aikin da ya fi nauyi shi ne sanin hannun da za ki damƙa wa yaron, da shirya shi kansa yaron.

KAYAN DA ZA A TANADA

Na kwanciya. Gidan sauro mai magani shi ne na farko, in babu shi a fasa tafiyar. A haɗa da igiyar roba mai tsawon kamar mita biyar, domin ajin makaranta ba shi da ƙusoshin rataya, daga ƙarfen taga zuwa ƙafar benci ake jan igiya. Tabarmar roba ta fi ta kaba, wadda ke shan danshin siminti ta yi fumfuna. Sai zane biyu da bargo marar nauyi. In wajen Ngaundare ne, wadda ke kan tudu sama da mita 1,000, ko duwatsun Mokolo, a sa rigar sanyi ta gaske. Yaron da ya tashi a zafin Garwa ko Kusiri zai kwana yana kyarma a can.

Na sawa. Na mako guda, kaya huɗu na yau da kullum sun isa, da ɗaya na sujada. Kamfai a sa na kowace rana har da ƙari. Riga mai dogon hannu da dogon wando don zaman dare. Silifa na wanka, da rufaffen takalmi na tafiya cikin ciyawa. 'Yan mata zane da ɗankwali. Rigar ruwa in akwai, in babu a huda babbar leda mai kauri wurin kai da hannuwa. Tsofaffin kaya ake kai wa sansani, ba na Kirsimeti ba.

Na wanka da ci. Ƙaramin bokiti, buta, soso, sabulu, omo ƙulli biyu, buroshi da man goge baki ko asuwaki, mataji, man shafawa. Tawul mai kauri ba ya bushewa a Agusta, tsohon zane ya fi shi. Kwano, kofi, cokali, da gorar ruwa mai murfi.

Na ibada. Littafi Mai Tsarki, littafin waƙoƙi in ikilisiyarku na amfani da shi, littafin rubutu, biro biyu.

Sauran su ne tocila da batir na canji, ledoji huɗu ko biyar, takardu (za mu zo kansu), da jakar da yaron zai iya ɗauka shi kaɗai. Jakar goyo ko jakar buhu mai zif ta wadatar. Akwatin ƙarfe yana tsare kaya daga ɓera, amma yaro ɗan shekara tara ba zai iya sauke shi daga mota ba.

1. KI SAN SANSANIN KAFIN KI BIYA KO SISI

Sanarwar da aka karanta a majami'a ba ta isa ba. Wata guda kafin tafiya ki sami shugaban sansanin ido da ido, ke da maigida in zai yiwu. Kada kunya ta hana ki don fasto ne ko dattijon ikilisiya. Ki gaisa da ladabi, ki ce, "Baba Fasto, bana ne yarona zai fara zuwa, ina da 'yan tambayoyi." Shugaba na ƙwarai daɗi yake ji, don ya san irin waɗannan iyayen ne ba sa ba shi wahala daga baya.

Tambaya ta farko: wa zai kwana a ɗaki ɗaya da yaran? Ki nemi suna, ba "matasa za su kula" ba. Ɗakin 'yan mata sai mata, kuma a ganina kowane ɗaki ya kamata a sami manya biyu, ba ɗaya ba, kuma kada babba ɗaya ya riƙe yara sama da goma ko sha biyu. Saurayi ɗan shekara sha bakwai mataimaki ne, ba shi za a bar wa yara da dare ba, komai iya waƙarsa da addu'arsa. Ki tambaya kuma ko ana raba ƙanana da manyan yara wurin kwana, domin yawancin cin zali a can yake faruwa bayan an kashe fitila.

Ta biyu, ruwan sha. Famfo ne, rijiyar burtsatse ce, ko buɗaɗɗiyar rijiya? Kwalara ta sha ɓarkewa da damina a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa, kuma inda yara ɗari ke tsoma kofi ɗaya a randa ɗaya, ciwon ciki ba ya neman izini. In rijiya ce, ki ji ko ana sa maganin tsarkake ruwa ko ana tafasawa. Ki tambayi yawan masai da inda suke. Masai da ke bayan gona, nesa da haske, yarinya ba za ta je shi da dare ba, za ta riƙe ko ta tsuguna a bayan aji.

Ta uku, rashin lafiya. Akwai ma'aikacin jinya da zai kwana a wurin? Wane asibiti ne mafi kusa, kuma da me za a kai yaro ƙarfe biyun dare ana ruwa? "Allah zai kiyaye" gaskiya ce da dukanmu muka yarda da ita, amma ba ita ce amsar wannan tambayar ba. Amsar ita ce sunan asibitin da sunan mai mota ko mai babur.

Ta huɗu, tsaro. An sanar da hukumar yankin da jandarmomi? Wurin yana da katanga da mai gadi? Kowa ya san halin da ƙauyukan kan iyaka na Mayo-Sava, Mayo-Tsanaga da Logone-et-Chari suka shiga saboda Boko Haram, da satar mutane don kuɗin fansa a wajen Mayo-Rey. Sansanin cikin gari ya fi kwanciyar rai. A bakin kogin Logone kuma, wajen Yagwa da Maga, ambaliya ce abin tambaya, wanda ya ga ta 2012 da ta 2024 ba sai an yi masa bayani ba.

Ta ƙarshe ita ce wadda iyaye ke mantawa: me za a koyar, kuma yaya? Ki nemi jadawalin kwanakin. Ana sa yara azumi? Ana kwanan addu'a har asuba? Ana yi wa yaro baftisma ba da sanin iyayensa ba? Ana "fitar da aljanu" daga yara? Duk inda ake tsayar da yaro a gaban 'yan'uwansa a ce maye ne ko yana da mugun ruhu, kada ɗanki ya taka wurin, ko kyauta ne. Irin wannan tabon yakan bi yaro har girma. Sai ki tambayi horon da ake yi wa mai laifi, ki faɗi sarai in ba ki yarda da duka ba.

In amsoshin ba su kwanta miki ba, ki haƙura da bana. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wasu ikilisiyoyi suna yin makarantar hutu ta yini, yaro ya je da safe ya dawo da yamma. In kuma kina da sarari, ki ba da kanki cikin mata masu dafa abinci, kullum ana neman hannu a can.

2. KI DUBA KO YARON YA ISA

Shekaru ba su ne ma'auni kaɗai ba, ko da yake ni ba na ba da shawarar a tura wanda bai kai takwas ba. Yana iya wanka shi kaɗai? Yana iya wanke kamfansa? In wani abu na damunsa yana iya buɗe baki ya gaya wa babban da bai saba da shi ba? Wannan na ukun ya fi sauran. Gwaji mai sauƙi shi ne a kai shi ya kwana biyu a gidan gwaggonsa ko kakarsa a wata unguwa, ba tare da ke ba, ki ji yadda ya kwana.

Harshe ma abin dubawa ne. Sansanonin nan galibi da Faransanci da Fillanci ake yin su. Yaron da Hausa ce bakinsa a gida, in Faransancinsa bai nuna ba, ki roƙa a sa shi rukuni ɗaya da wani mai jin Hausa, yaro ko malami.

Wata magana da ta shafe mu musamman: gidajenmu da yawa a gauraye suke, akwai Kirista akwai Musulmi. In mahaifin yaro bai yarda ba, ba a yi masa dabara. In kuma ɗan maƙwabta ko ɗan 'yar'uwarki ya ce zai bi ɗanki, sai iyayensa sun san ainihin abin da za a je yi, sun kuma sa hannu da kansu. Zumunci da sunan ikilisiya duka suna lalacewa a kan wannan.

3. RAJISTA DA TAKARDU

Ki biya kuɗin a hannun ma'ajin da aka sanar, ki karɓi rasit. In ta Orange Money ko MTN MoMo ne, ki tabbatar da sunan da ya fito kafin ki danna lambar sirri, ki kuma ajiye saƙon. Ki tambayi abin da kuɗin ya ƙunsa, ko har da mota da magani. In hannu bai kai ba, ki yi wa shugabar zumuntar mata magana da wuri. A ikilisiyoyin ƙauye akan karɓi masara, gero ko gyaɗa a madadin wani ɓangare.

Takardun su ne kofen takardar haihuwa, katin makaranta mai hoto, da takardar izinin iyaye da Faransanci, mai ɗauke da sunan yaro, wurin da za a je, ranakun, sunan jagora, da sa hannun uba ko mai riƙo. A shingayen hanyar Garwa zuwa Marwa ko Ngaundare, jami'ai suna da hakkin tambayar wanda ya ɗebo yara cike da mota ina zai kai su. Asalin takardar haihuwa ba ta barin gida, kofe ake bayarwa. Yaran da ba su da ita suna da yawa a nan arewa. In ɗanki na cikinsu, katin makaranta da takardar sakamakon jarrabawa za su taimaka a wannan tafiyar, amma ki fara neman ta kotu tun yanzu, don zai buƙace ta a jarrabawar kammala firamare ta CEP. In sansanin a tsallaken iyaka ne, kamar Kusiri zuwa Njamaina, jagora ya bincika takardun da ake nema tun da wuri, a haɗa da katin rigakafin shawara.

4. LAFIYA: KI FAƊI GASKIYA DUKA

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sikila, asma, farfaɗiya, abincin da ke sa masa ƙaiƙayi ko kumburi, tafiya cikin barci, fitsarin kwance: duk ki rubuta a takarda ki ba wadda za ta kwana da shi, ba shugaban kaɗai ba. Iyaye sukan ɓoye don kada a hana yaron zuwa ko a yi da su. Sakamakon shi ne mu tsinci yarinya tana numfashi sama-sama da tsakar dare ba mu san tana da asma ba, ana haska tocila ana zazzage jakarta ko akwai abin shaƙa.

Fitsarin kwance ya isa a ɗan tsaya a kansa, don shi ne ya fi sa yara ƙin komawa sansani. Na ga yaro ya naɗe jiƙaƙƙen zanensa ya cusa ƙarƙashin tsabtatattun kaya, ya ƙi fita wasa yini guda yana zaune a kan jakar don kada wani ya buɗe. Da an gaya mana, abin mai sauƙi ne: a shimfiɗa masa kusa da ƙofa, a rage masa ruwa bayan abincin dare, a tashe shi sau ɗaya kafin malamai su kwanta, a sa leda ƙarƙashin zane, da asuba kuma a taimaka masa ya wanke kafin sauran su farka. Ki ja malamar gefe ki ce, "Malama, ga sirrin ɗanki, na bar miki." Ki sa masa ƙarin zane da wando biyu.

Maganin da yake sha kullum a ba malama cikin kwalinsa na asali, da suna da lokacin sha a rubuce, da ƙarin na kwana biyu ko hanya ta tsare su. Abin shaƙa na asma kaɗai ne ke zama a jikin yaro. Mai sikila a gaya wa malamai ya riƙa shan ruwa sosai, kada ruwan sama ya dake shi, kada a sa shi gudu har ya galabaita, kuma zazzaɓi a wurinsa na asibiti ne nan take.

Kuskuren da ya yi yawa shi ne a cika wa yaro leda da ƙwayoyin kasuwa a ce in ka ji zazzaɓi ka sha. Yara suna rabawa abokai. Zazzaɓi da damina sai an yi gwajin jini na cizon sauro tukuna, a ba da magani daidai nauyin yaro. Abin da za ki iya ba malama shi ne farasitamol, filasta, da ƙullin gishirin ORS na gudawa. In babu ORS, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ba a ba yara asfirin.

Yarinyar da ta kai shekara goma ko sha ɗaya, ko ba ta fara al'ada ba, ki zaunar da ita ki yi mata bayani, ki sa mata audugar mata a jaka, ki nuna mata yadda ake sawa da yadda ake zubarwa. Ba sau ɗaya ba yarinya ta fara a sansani. Yaron da ya tashi da zazzaɓi, gudawa, jan ido ko ƙuraje ranar tafiya, a gida zai zauna, ko an biya kuɗi.

5. MAKO BIYU NA KOYON AIKIN HANNU

Sabon gidan sauro a baza shi a inuwa yini da kwana kafin a kwana ciki, in ba haka ba maganin yana sa ƙaiƙayin fuska. Tsoho kuma a ɗinke hujojinsa. Sai ki ba yaron igiya ki ce ya ɗaura da kansa tsakanin taga da kujera, ya cusa gefunan ƙarƙashin tabarma, ya shiga ya fita ba tare da ya bar ƙofa ba. Ya maimaita har hannunsa ya saba. Daren farko malamai biyu ba za su iya ɗaura wa yara ashirin kafin duhu ba, wanda ya iya shi ke kwana lafiya.

Ki koya masa wanka da rabin bokiti, da wanke hannu da sabulu bayan masai da kafin cin abinci. Wanki a shanya a igiya, ba a ƙasa ko kan ciyawa ba: akwai ƙudan da ke yin ƙwai a jiƙaƙƙen tufa, tsutsar ta shiga fata ta zama maruru. Ya riƙa zazzage takalmi kafin ya sa ƙafa saboda kunama. Da dare ba fita sai da tocila, rufaffen takalmi da abokin tafiya, domin kububuwa tana da yawa a kwarin Binuwai kuma da dare take yawo. In maciji ya sari wani, aikinsa shi ne ya ruga ya kira babba. Ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau, asibiti ake nufa.

6. MAGANAR DA BA A YI A GABAN MUTANE

Ki zaɓi lokacin da ku biyu ne kawai. Ki gaya masa jikinsa nasa ne: ba wanda zai taɓa inda kamfai ya rufe, ba wanda zai kira shi ɗaki ko bayan gini shi kaɗai, ko don addu'a ne, ko malami ne, ko fasto ne. Duk wanda ya ce "kada ka gaya wa kowa", wannan ne abin da za a fara faɗa. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu kada su yi wa babba musu, don haka sai kin furta masa da bakinki cewa a wannan wurin kin ba shi izinin ya ƙi, ya yi ihu, ya gudu, kuma ba za ki dake shi ba. Ki nuna masa manya biyu da zai iya kai wa ƙara, don in ɗayan ne matsalar.

Sai ruwa. Mayo, wato rafi, da ke bushe da safe yana iya cika ya yi toroƙo da rana saboda ruwan da aka yi a kan duwatsu, 'yan Marwa sun san halin rafin Kaliyawo. Ba iyo a kogi, tafki ko kududdufi, ko abokai sun shiga. Ban da nutsewa, ruwan kwance irin na wajen Lagdo da Maga yana sa tsargiya. In ana tsawa kuma ba a fakewa ƙarƙashin itace.

Kewar gida za ta zo, galibi daren farko da na biyu. Ki gaya masa haka tun yanzu, ki ce kowa na ji kuma tana wucewa. Kada ki ce "in ka yi kuka zan zo in ɗauke ka". Yaron da aka yi wa wannan alkawarin a bakin ƙofa yake yini yana kallon hanya.

7. SHIRIN IBADA

Ki tambayi wane juyi na Littafi Mai Tsarki za a yi amfani da shi. In na Faransanci ne ya tafi da shi, ko da na Hausa kuke karantawa a gida, don ya iya bin ayar haddacewa tare da sauran. Kada a ba shi babban na gida mai sunayen iyali a ciki. In ba shi da nasa, Sabon Alkawari ƙarami ya isa, ko a aro a makarantar Lahadi. Kowane dare ki kira littafi da sura ya nemo, har ya daina neman Ibraniyawa a Tsohon Alkawari. Yaron da ke jin kunyar rashin samun aya yakan rufe littafin ya yi shiru har a tashi. Ku yi addu'a tare kuna ambaton sunayen malamansa, ya san ba baƙi ba ne a wurinki.

8. HAƊA JAKA

Kwana biyu kafin tafiya, shi zai haɗa, ke kina kallo. Abin da uwa ta cusa da dare yaro na barci, haka yake dawowa a naɗe ba a taɓa ba, don bai san yana ciki ba.

A sa wa komai suna. Tufafi da alƙalamin da ba ya gogewa ko zare mai launi a wuya, kwano da kofi da bokiti da fenti ko jan farce a gindi, silifa a ƙona ƙusa a yi masa alama. Ranar rufe sansani akan tara silifa shuɗaye iri ɗaya tuli guda a tsakar fili, ƙafar hagu ta wannan da ta daman wancan, yara na kuka direba na hon. A jera kaya cikin ledoji, kowace rana da ƙullinta, leda ɗaya ta kayan datti, Littafi da takardu a tasu ledar. Gidan sauro, igiya da tocila su ne a sama. A manna jerin kayan a cikin murfin jaka.

Guzuri busasshe kawai: ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, cincin, dabino, garin rogo da sukari, cikin roba mai murfi saboda kiyashi da ɓera. Kilishi da dambun nama suna saurin fumfuna a danshin Agusta, in an sa a cinye a kwana biyun farko. Ki sa da ɗan yawa don ya ba na kusa da shi. Kuɗi kuma jaka ɗaya ko biyu ta sefa ta isa, a canza ta ƙanana, a ware na baiko a ƙulli dabam, sauran a ba malama ta riƙe. Waya, sarƙa, 'yan kunnen zinariya, wuƙa da ashana su zauna a gida. Lambarki da ta maigida da ta wani maƙwabci a rubuta a bangon littafin rubutu, ya kuma haddace ɗaya.

9. RANAR TAFIYA

Ki kai shi da kanki har bakin mota, ki damƙa shi hannu da hannu ga malamar, ki ga an rubuta sunansa. Ki dubi motar. Ba a ɗora yara a bayan buɗaɗɗiyar motar kaya, ba a tafiyar dare, musamman gangaren dutsen da ke tsakanin Ngaundare da Garwa. In motar da aka kawo ba ta yi miki ba, ku haɗu ku iyaye biyu ko uku ku saya wa yaranku tikiti a kamfanin bas, babba ɗaya ya raka su. Ya ci abinci marar maiƙo kafin tashi, mai amai a mota a zaunar da shi gaba da leda a hannu. Ki karɓi lambar manya biyu, ki faɗi sunan wanda zai zo ɗaukarsa ranar dawowa. Sallama gajeriya: addu'a, "Allah ya kiyaye hanya, ka gaida Malama", ki juya. In hawaye zai zo miki, ya zo bayan motar ta tashi.

10. YANA CAN

Ki kira malama daren farko ki ji sun sauka, sannan sau ɗaya a tsakiyar mako, a lokacin da kuka shirya. Kada ki nace sai an ba shi waya, muryarki takan tayar da kewar da ta fara kwanciya. In waya ba ta shiga, sau da yawa rashin caji ne ko rashin layi, ki gwada lamba ta biyu. In baƙuwar lamba ta kira ta ce ɗanki na asibiti ki turo kuɗi yanzu-yanzu, kada ki tura ko dala sai kin ji daga bakin malamar ko shugaban, 'yan damfara sun san lokacin sansani. Amma in malamar da kanta ta ce ki zo, ki tashi a lokacin.

11. DAWOWA

A zazzage jakar a tsakar gida, ba a ɗaki ba, saboda kuɗin cizo. A wanke komai, a shanya a rana, a goge da dutsen guga mai zafi har kamfai. Ki duba kansa ko akwai kwarkwata ko makero, da tsakanin yatsu ko akwai ƙazuwa. Zazzaɓin cizon sauro yakan ɗauki kwana bakwai zuwa sha biyar kafin ya bayyana, don haka duk zafin jiki a makonni biyun nan a je gwaji, kada a ce gajiya ce. Jini a fitsari, ko bayan wata biyu ne, a gaya wa likita yaron ya je wurin ruwa.

Ki bar shi ya yi barci ya ƙoshi kafin tambaya. "Ya sansani?" ba ta kawo komai sai "lafiya lau". Ki tambayi wa ke kwana kusa da shi, wane abinci ne bai ci ba, wace waƙa suka koya, wane malami ya fi so, wanne ne ba ya so kuma don me. Ki sa ya koya wa ƙannensa ayar da ya haddace a addu'ar dare. In kin ga ya yi shiru da ba halinsa ba, yana firgita cikin barci, ko ya ƙi zuwa majami'a, ki zauna da shi a hankali ba tare da faɗa ba. Abin da ya gaya miki ki yarda da shi tukuna, ki kai shi asibiti in da buƙata, sannan ke da maigida ku kai maganar gaban dattawan ikilisiya. In taɓa yaro aka yi, maganar ba ta tsaya a majami'a ba, sai ta kai ga hukuma.